Sujadar ma'aikata: wa zai biya mai gadin majami'a?

Magatakardan Matasa:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Akwai shawarar da nake so ku auna mana kafin mu kai ta gaban dattawa. Matasan ikilisiyarmu na so a keɓe Lahadin da ta fi kusa da 1 ga Mayu, ranar ma'aikata ta duniya, a yi sujadar ma'aikata. Kowa ya zo da abin da yake neman abinci da shi: tela da almakashinsa, magini da cokalinsa, mai ƙosai da matsaminta, ɗan acaɓa da hular kwanonsa. A karanta Ishaya 58 da Yakubu 5. A yi addu'a domin masu bin bashin albashi, da 'yan fansho, da waɗanda suka gama makaranta suna zaman kashe wando. Baikon ranar kuma gaba ɗaya ya tafi ga gwauraye da marasa ƙarfi, kada a ɗebi ko sisi a kai asusun gini. Tun ba a je ko'ina ba wasu sun fara cewa siyasa za mu shigo da ita. Ku da kuka fi mu gani, yaya?

Baba Dattijo:
Ɗana, Allah ya yi muku albarka da wannan himma. Amma ni ban goyi baya ba, kuma ga dalilina. Kwana shida mutum yana fama da kuɗin mudu, kuɗin mota, kuɗin makaranta. Lahadi ce kaɗai yake zuwa ya ɗaga kai ya dubi Mahaliccinsa. In nan ma ya tarar da zancen albashi, a ina zai huta? Mumbari wurin shelar ceto ne. Ƙungiyar ƙwadago tana da ofishinta da shugabanninta, su yi nasu mu yi namu. Na ga yadda 'yan'uwa suka daina gaisawa a bakin majami'a lokacin zaɓen 2023 saboda abin da aka furta a kan mumbari, har yau wasu ba su dawo ba. Ban da haka, ita wannan rana ba daga ikilisiya ta fito ba, 'yan gurguzu ne suka ɗaukaka ta.

Katikis:
Baba, da girmamawa, zancenku na tarihi daidai ne amma bai ƙare a nan ba. Asalin ranar daga yajin aikin ma'aikatan Shikago ne a Amurka a 1886, masu neman a tsayar da aiki kan awa 8 a yini, kuma jam'iyyun gurguzu ne suka mai da ita ta duniya a taronsu na Faris a 1889. Sai dai mu a Katolika tana cikin kalandarmu. A 1955 Paparoma Pius na 12 ya sa 1 ga Mayu ta zama idin Yusufu Ma'aikaci, masassaƙin da ya reni Ubangijinmu, don ma'aikaci Kirista ya san ba sai ya fita daga coci ba kafin a yi maganar guminsa.

Tun kafin wannan, ran 15 ga Mayu 1891, Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar da ake kira Rerum Novarum. Lokacin masana'antu sun cika Turai, ana aiki tun asuba har dare, har da yara ƙanana. Wasiƙar ta ce don ma'aikaci ya amince da albashi ba shi ke nuna an yi masa adalci ba. In yunwa ce ta sa ya karɓi abin da ba zai riƙe shi ba, fin ƙarfi aka yi masa. Ta ce ma'aikata na da 'yancin kafa ƙungiya, kuma a bar musu ranar hutu da sujada. Don hankalin Baba ya kwanta, wasiƙar ta yi fatali da gurguzu, ta kare haƙƙin mutum ya mallaki abinsa. Paparoman da aka zaɓa a Mayun 2025 ya ɗauki sunan Leo na 14, shi da bakinsa ya ce wannan wasiƙa na cikin abin da ya sa.

Baba Dattijo:
Malam Katikis, wannan tsarinku ne, ina girmama shi. Mu abin da ke rubuce a Littafi muke bi.

Ɗalibin Tauhidi:
To Baba, mu tsaya a Littafin. Tambayata ga duk wanda ke zauren nan: sau nawa aka karanta muku Malakai sura 3 daga aya 8 zuwa 10? Yaran makarantar Lahadi ma sun haddace ta, zancen yi wa Allah ƙwace da kawo zakka cikin ma'aji. To wa ya taɓa jin an faro karatun daga aya ta 5? Ayoyi biyu ne kacal a tsakani. A can Allah ya lissafa waɗanda zai zo ya yi shaida a kansu: masu sihiri, mazinata, masu rantsuwar ƙarya, sannan masu danne haƙƙin ɗan ƙodago, da masu zaluntar gwauruwa da maraya, da masu tauye baƙo. A jeri ɗaya ya sa su. Mazinaci muna sa shi a horo, ya koma bencin baya, a hana shi jibin Ubangiji. Wanda ya riƙe kuɗin leburorinsa wata da watanni kuwa, shi ne babban baƙo ranar godiyar girbi, har a aika masa kati mai ruwan zinariya.

Kuma ba wuri ɗaya ba ne. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya matalaucin ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, domin a kan kuɗin ya sa ransa. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladansa ya kwana a hannunka. Irmiya 22:13 ya yi wa sarki kaito don ya gina bene da gumin mutanen da bai biya ba. Abin da nake so Baba ya duba shi ne, annabawa ba su ɗauki wannan a matsayin wata magana dabam da sujada ba. A Ishaya 58 mutane suna azumi suna gunaguni Allah bai kula su ba, amsar da aka ba su ita ce a ranar azumin nasu suke matsa wa ma'aikatansu. A Amos 5 Allah ya ce ya ƙi idodinsu, ba zai karɓi hadayunsu ba, su kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, sai adalci ya malalo tukuna. Wato ana iya cika majami'a maƙil, a yi awa uku, a tashi ba a karɓi komai ba.

Ɗan Kwaya:
Kai, Amos ya taɓo mu 'yan waƙa. Mu da muke koyon waƙa har ƙarfe tara na dare.

Malam Maƙwabci:
Ni Musulmi ne, abota ce ta shigo da ni zauren nan, ina dai sauraro. Mu ma akwai hadisin da ya ce a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe. Kowa ya san shi, amma je ka tambayi ladanai da malaman Islamiyya nawa ake ba su. Ku ci gaba, ina ƙaruwa.

Mai Bishara na Ƙauye:
Tun jiya nake so in sa baki, sabis ɗinmu sai an hau tudu. Matasa, ina da tambaya. In kun jera tela da magini a gaban bagade, a ina za ku tsayar da mai gadin majami'arku? Da matar da ke share ta ranar Asabar? Da malaman makarantar da ikilisiya ta buɗe? Da mu da aka turo ƙauye?

Ba zan faɗi ikilisiyar da ta aiko ni ba. Abin da ake ba ni a wata ba ya sayen buhun masara, shi ɗin ma sai ya haɗa watanni bai zo ba. In na yi magana a ce aikin Ubangiji ne, ladana na sama. Na yarda ladana na sama. Amma mai shagon da nake karɓar sabulu da gishiri bashi a ƙasa yake, kuma ya san ni ne mai wa'azin garin. Yaya zan tsaya ranar Lahadi in ce kada kowa ya ci haƙƙin kowa, shi yana zaune a ƙofar shagonsa yana jiyo muryata ta lasifika, sunana na cikin littafinsa? Da damina matata ke zuwa ƙodago a gonakin mutanen da nake yi wa wa'azi, ta dawo da kwanon dawa. Ba kuka nake yi ba, ni na amsa kira. Amma in za a karanta Yakubu 5:4, ayar da ke tsawata wa masu danne ladan ma'aikata, a birni a nuna gwamna da yatsa, to in kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Magatakardan Matasa:
Baba Mai Bishara, wannan ta shige mu. Ko sau ɗaya mai gadi bai zo cikin tsarinmu ba.

Ma'aji:
Na san yanzu duk ido ya dawo kan masu riƙe da jaka, to bari in faɗi namu. Ranar Litinin da safe mu uku muke zazzage baiko a kan tebur. Abin da ke fitowa naira hamsin ne da naira ɗari, wasu an liƙe su da salatif, wasu an nannaɗe su ƙanana sai ka bi a hankali ka warware don kada su yage a hannunka. In ka ga 'yar dubu sabuwa, ka san baƙo ya zo. Daga nan za a cire kason gunduma, wato ofishin da ke kula da ikilisiyoyin yankinmu, wanda ba a ɗaga maka ƙafa a kansa. A cire man janareta, kun san yadda ya koma tun da aka janye tallafi a Mayun 2023. A cire na 'yan sintiri, a cire na fasto, a cire na ta'aziyya in an yi rasuwa. Abin da ya rage shi ake raba wa mai gadi da mai shara. Ba mugunta ba ce. Masu ba da baikon su ma talakawa ne.

Kuma kafin wani ya kawo min maganar naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Mu namu ba su kai ba.

Malamar Firamare:
Yallaɓai Ma'aji, dokar Abuja ta cire ku, amma ban ga inda Yakubu ya cire masu ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ni na koyar a makarantar wata ikilisiya kafin in samu ta gwamnati. Iyaye na biyan kuɗin makaranta cif, mu kuma in wata ya ƙare sai a tara mu a yi mana addu'ar haƙuri. A shekarar da aka fi jinkirta mana albashi aka shimfiɗa tayil a majami'a, aka sayo sababbin lasifika masu tsayin mutum. Daga ina wannan kuɗin ya fito?

Ma'aji:
Malama, kuɗin gini da sunan gini aka tara shi. In na karkatar da shi zuwa albashi, gobe ni za a kira ɓarawo a taron ikilisiya.

Malamar Firamare:
To a kafa gidauniya da sunan albashi mana.

Ma'aji:
Ki gwada ki gani. Ki ce za a sa tagogi, nan take mutum goma za su miƙe, domin za a rubuta sunan iyalinsu a jikin tagar. Benci ma haka, agogon bango ma haka. Albashin mai gadi ba shi da jikin da za a rubuta suna, kuma ba a gama shi, wata na ƙarewa wani na shigowa. Na daɗe a kujerar nan, ban taɓa ganin wanda ya tashi ranar girbi ya ce shi ya ɗauki nauyin mai shara na shekara ba.

Ɗalibin Tauhidi:
Yallaɓai, ai wannan da ka faɗa shi ne dalilin da ya sa maganar ta zama ta mumbari. Mutane abin da aka koya musu suke yi. An shekara da shekaru ana koya musu cewa bulo da kwano ne aikin Allah. Ba kwamitin kuɗi ne zai sauya wannan ba, wa'azi ne.

Maman Tabita:
Ku ba ni wuri in yi magana a madadin waɗanda kuke cewa za a ba baikon. Ni gwauruwa ce. 'Ya'yana matasa, ina roƙonku, in za ku ba mu, kada ku yi mana irin ta Kirsimeti. A kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, mu fito mu jeru, a ɗora wa kowace mudu biyu na shinkafa da kwalbar mai, sai mai hoto ya ce Mama ɗaga ledar sama, Mama yi murmushi. Kafin ka isa gida hoton na Facebook. Ɗana ya gani a wayar abokinsa, ya ƙi zuwa majami'a har aka shiga sabuwar shekara. Ba Ubangiji ne ya ce kada hagunka ta san abin da damarka ke yi ba?

A zumuntar mata ba haka muke yi ba. Kowace in za ta ɗora tukunya takan ɗebi dintsin tsaba ta zuba a wani kwano dabam. In ya taru a kawo, mata biyu su kai gidan da ake bukata da magariba, su zauna a yi hira a yi addu'a, su tafi su bar ƙullin a bayan ƙofa. Ba mai tafi, ba mai hoto.

Sai abu na biyu da ba wanda ya taɓo. Ba rashin kyauta ne ke korar talaka daga majami'a ba, yawan karɓa ne. Ambulan na girbi, ambulan na ranar fasto, kuɗin taron gunduma, kuɗin anko. Na san mata da suka daina zuwa zumunta don an sauya atamfa ba su da kuɗin sabuwa, kuma ba za su iya zama da tsohuwa a tsakiyar sababbi ba. A rage waɗannan, ya fi mana shinkafar.

Katikis:
Mama, Allah ya saka. Abin da kuke yi shi ne tsarin ƙungiyar Vincent de Paul da muke da ita a Katolika. Wani ɗalibi ne, Frederik Ozanam, da abokansa suka kafa ta a Faris a 1833, kuma har yau bibbiyu ake zuwa a iske mutum a gidansa, ba a kiransa gaban jama'a.

Ɗalibin Tauhidi:
Kuma baikon da matasa ke roƙon a ba talakawa rana ɗaya a shekara, asali nasu ne kowace Lahadi. Justin Mai Shahada, ɗaya daga cikin marubutan Kirista na farko, ya bayyana yadda Kiristoci ke sujada a Roma wajen shekara ta 150: karatu, gargaɗi, addu'a, gurasa da ƙoƙo, sannan masu hali su ba da abin da suka ga dama, a damƙa wa shugaba, shi kuma ya kula da marayu, gwauraye, marasa lafiya, 'yan kurkuku da baƙi. Rikicin farko da aka rubuta a ikilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni 6, kan rabon abincin gwauraye ne, har aka zaɓi mutum bakwai domin wannan kaɗai. Bulus kuma a 1 Korantiyawa 11 ya ce wa masu hali abin da suke ci ba jibin Ubangiji ba ne, tunda wani ya ƙoshi wani na jin yunwa a taro ɗaya.

Ma'aji:
Zamanin Justin ba janareta, ba kason gunduma.

Tsohon Masaƙi:
Ma'aji ka ba ni dariya. Bari in ƙara wa Baba Dattijo wani abu kan tarihin ranar a ƙasar nan. Gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi a Kano ce ta fara ba da hutun 1 ga Mayu a 1980, tarayya ta bi a 1981. Kuma ma'aikatan ƙasar nan sun zubar da jini tun kafin nan, 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley ta Inugu ran 18 ga Nuwamba 1949.

Ni a wata masaƙa na yi aiki a Kaduna har aka rufe ta aka bar mu da takardu a hannu. Unguwarmu kusan kowane gida da masaƙa yake ci, majami'armu ma haka. Abin da na fi tunawa shi ne wa'azin wani baƙon mai wa'azi a lokacin. Ya dube mu, maza da furfura waɗanda ba su san abin da za a ci da dare ba, ya ce ƙofofinmu sun rufe ne don ba mu cika zakka ba, mu shuka iri mu ga buɗi. Wani abokina ya sayar da kekensa ya shuka. Ya rasu bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba. Faston wata ƙaramar majami'a kuwa, da ba tamu ba ce, shi ya buɗe mana ɗakin makarantar Lahadi muna taron korarrun ma'aikata, Kirista da Musulmi, ya sa aka riƙa ambatar mu cikin addu'ar ikilisiya kowane mako. Bai taɓa zagin kowa a kan mumbari ba. Baba, a cikin biyun nan wanne ne ya shigo da duniya cikin sujada?

Yayarku a Amurka:
Na farka na tarar da zaure ya cika. Abin da Baba Masaƙi ya faɗa game da ɗakin taro ya tuna min da Memfis a jihar Tenesi. Ran 1 ga Fabrairu 1968 ana ruwan sama, wasu baƙaƙen fata biyu masu kwasar shara, Echol Cole da Robert Walker, suka fake a cikin bayan motar shara. Injin matse sharar ya tashi ya murƙushe su. Ran 12 ga wata abokan aikinsu kusan 1,300 suka shiga yajin aiki. Magajin gari Henry Loeb ya ce ba zai amince da ƙungiyarsu ba.

Inda nake so ku lura shi ne wurin da suka taru. Daga wata majami'a, Clayborn Temple, suke fitowa jerin gwano, riƙe da alluna masu cewa su ma mutane ne. Fastocin garin suka haɗa kai, ana taro da dare ana waƙa da addu'a, ana tara kuɗin abinci da na haya domin iyalan masu yajin. Rabaran James Lawson ne ya gayyato Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Jawabinsa na ƙarshe a majami'ar Mason Temple ya yi shi ran 3 ga Afrilu, washegari aka harbe shi. Mutane da yawa sun san sunansa, ba su san a kan albashin masu kwasar shara ya je garin ba. Ran 16 ga Afrilu hukumar birnin ta amince da ƙungiyar, aka yi musu ƙari.

Baba Dattijo:
'Yata, kin faɗi ƙarshen labarin da kanki, an harbe shi. Wannan ne tsorona, kuma ba don kaina ba, ni na ci zamanina. Mu a nan muna zaune ne a inda kalma ɗaya daga mumbari kan iya tayar da unguwa. Kun ga ƙurar da ta tashi bayan saƙon Kirsimetin Bishop Kukah a 2020. Shi babban mutum ne, duniya ta san shi. Ƙaramin fasto a bayan gari wa zai tsaya masa?

Katikis:
Baba, tsoron na da tushe. Oscar Romero, babban bishop na San Salvador a ƙasar El Salvador, yakan karanta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɓatar a wa'azinsa na Lahadi, ana watsawa a rediyo, manoma a ƙauyuka na saurare. Ran 23 ga Maris 1980 ya roƙi sojoji su daina bin umarnin kashe 'yan'uwansu. Washegari aka harbe shi a bagade a ɗakin sujadar wani asibiti. Ita kanta fadar Paparoma ta ja kunnen wasu malaman tauhidin 'yanci na Latin Amurka, masu ɗora wa'azinsu kan 'yantar da talaka, a 1984 kan cuɗanya bishara da aƙidar Markisanci, don haka ba kowane mai ambaton talaka ake tafa wa ba. Shi Romero an ayyana shi waliyyi a 2018. Amma Baba, abin da Mai Bishara da Mama suka kawo ba ya kai kowa gaban bindiga. Babu sojan da zai zo don an ƙara wa mai shara albashi.

Baba Dattijo:
Wannan na ji. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In maganar ta cikin gida ce, zan tsaya muku a gaban dattawa, amma da sharuɗɗa. Ba a ambaci sunan gwamna ko jam'iyya ba. Ba a nuna wani mai hali da yatsa ba, domin shi ma rai ne da Almasihu ya mutu dominsa, in kuna da magana da shi ku same shi a gida kamar yadda Matiyu 18 ta tsara. Kuma a karanta 2 Tasalonikawa 3:10 tare da sauran, saboda akwai ma'aikacin da ke zuwa ofis ƙarfe sha ɗaya ya tashi ƙarfe ɗaya, akwai magini mai satar siminti, akwai tela mai cin kuɗin ɗinki ya kashe waya ana jibi Kirsimeti. Su ma wa'azin ya same su. Har yanzu dai ban ga amfanin shigo da kayan sana'a gaban bagade ba, wannan wasan kwaikwayo ne.

Ɗalibin Tauhidi:
Na yarda da na biyu da na uku. Na farko kuwa, Natan bai ɓoye wa Dawuda ba, Yahaya Mai Baftisma bai ɓoye wa Hirudus ba. In jiha ta riƙe kuɗin 'yan fansho har tsofaffi na faɗuwa a layin tantancewa, ikilisiya ta yi shiru ke nan har abada?

Baba Dattijo:
Natan zuwa ya yi ya sami sarki ido da ido. In ka gama makaranta aka ba ka garke, ka zo mu sake maganar.

Magatakardan Matasa:
To ga abin da na rubuta. Kafin Lahadin, kwamiti ya zauna da mai gadi da mai shara da malaman makaranta a ji nawa ake ba su, nawa suke bi. A tambayi gunduma halin masu bisharar da muke tallafawa. Kason gwauraye a damƙa wa zumuntar mata, ba kiran suna, ba hoto. Karatu ya fara daga Malakai 3:5. Kuma matasa su karɓi ƙofa ran nan don mai gadi ya shigo ya zauna.

Ma'aji:
Mai gadinmu Musulmi ne, ɗana. Ba Lahadi yake bukata ba, Juma'a ce. Yakan roƙi mai shagon kusa ya duba masa ƙofa ya ruga masallaci ya dawo.

Malam Maƙwabci:
To ga inda zan yi amfani. Ku tsara masu karɓarsa daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, ni zan riƙa biyowa da babur in ɗauke shi.

Ma'aji:
Zan kawo littafin kuɗi ranar Asabar ƙarfe huɗu, kowa ya gani da idonsa. Amma duk wanda ya yi dogon rubutu a zauren nan ya zo da abin da zai riƙa bayarwa duk wata, a rubuta a sa hannu. Ba na son alkawarin rana ɗaya, in ƙara wa mutum albashi a Mayu in kasa biya a Agusta. Ɗalibi, har da kai.

Ɗalibin Tauhidi:
Kuɗin makaranta ma ana bina, amma zan zo.

Maman Tabita:
Maganar anko fa ba wanda ya ba ni amsa.

Ma'aji:
Wannan ba ta teburina ba ce, Mama. Ki kai wa shugabar zumunta ranar Alhamis.

Maman Tabita:
Ai ita ke saro atamfar.